Ido Ba Mudu Ba Ne: Mu Kai Tef Ɗin Tela Majami'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar majami'a a Tudun Wada ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ya san irin gaisuwar da muke yi wa juna. Idan amarya ta yi wata shida a ɗakin miji, ta fito kumatu sun cika, zane ya soma yi mata kaɗan, sai matan zumunta su kewaye ta da guɗa suna cewa lalle maigida ya iya kiwo. Idan ɗan'uwa ya sami ƙarin girma a wurin aiki, teɓa ta fara tura riga gaba, sai mu ce Ubangiji ya buɗa masa, har mu soma tunanin sa shi cikin kwamitin gini. Amma bari wani ya rame. Kafin ya kai bakin titi an riga an gama yi masa lissafi: ko dai bashi ne ya yi masa katutu, ko matarsa ba ta iya girki ba, ko kuwa ciwon nan ne da a shekarun 1990 sai an rage murya kafin a ambaci sunansa.

Mu ɗin nan kuma mu ne muke taruwa a gidan makoki muna tafa hannu muna mamaki. Dattijo ne mai jiki, fatarsa na sheƙi, jiya-jiya shi ya karanta sanarwa a gaban jama'a, yau da asuba ya yanke jiki ya faɗi a bayan gida, ɓarin jikinsa ya shanye, kafin a kai Shika rai ya yi halinsa. Sai a ce lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Daga nan sai a shiga neman wanda ya yi. Wani lokaci a ɗora wa abokin aikinsa da suke takarar kujera, wani lokaci a ɗora wa ɗan'uwansa da suke rigimar gona a ƙauye, sau da yawa kuwa a ɗora wa gwauruwar da ya bari, wadda ko hawayenta bai bushe ba. Mun ga gidajen da irin wannan zargi ya raba har yau ba su koma cin tuwo tare ba. Alhali da an ɗaura wa marigayin abin awon jini a damtse shekara biyar kafin ranar, da an ga mai laifin tun yana tafe.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, lokaci ya yi da ikilisiyoyinmu za su daina auna lafiyar mutum da ido. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan hatsi haka ne. A kan kitsen da ke cikin mutum, da sukarin da ke yawo a jininsa, ido bai san komai ba.

Mu mutanen Zariya ba mu da hujjar jin tsoron binciken likitoci, domin a ƙofar gidanmu aka yi ta yin sa. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kuma ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne kafin ya zama mai fassara. Asibitin Wusasa sunan Luka yake ɗauke da shi, shi ma likita. Daga Wusasa Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, haka kuma Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kafin asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na Shika a 2005, a nan Tudun Wada yake, kuma a ɗakunansa ne a shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka nuna yatsa ga yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya likitocin Kano suka sake duba maganar suka ga ba al'adar kaɗai ke jawo shi ba. Haka bincike yake, yana gyara kansa. Abin lura dai shi ne iyayenmu mata ne suka miƙa hannu aka auna su, duniya ta ƙaru.

To me binciken ya gano game da kitse? Abu na farko, wanda ya kamata ya sa masu zolayar masu ƙiba su yi hattara, shi ne kitse ba buhun ajiya ba ne kawai kamar yadda aka daɗe ana zato. Kitse yana magana. A cikin jikin mutum akwai sinadarai da likitoci ke kira homon, watau 'yan aike da wani sashe na jiki ke turawa ta cikin jini zuwa wani sashe da saƙo. A 1994 wani masani mai suna Jeffrey Friedman a Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York ya gano cewa kitse da kansa yana tura irin wannan ɗan aike zuwa ƙwaƙwalwa, aka sa masa suna leftin. Saƙonsa shi ne, rumbu na da hatsi, a sassauta neman abinci. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka sami waɗansu yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin. Yunwa ba ta barinsu dare da rana, ƙiba ta yi musu yawa tun suna ƙanana, da aka soma yin allurar sinadarin kuwa sai yunwar ta kwanta. Irin waɗannan yara kaɗan ne ƙwarai a duniya. Yawancin masu ƙiba suna da leftin har ya yi yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraronsa. Sa'an nan idan mutum ya matsa wa kansa ya rage nauyi, leftin ɗin sai ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙara masa yunwa ta kuma rage yawan abin da jiki ke ƙonawa, kuma wannan hali yana iya ɗaukar fiye da shekara. Saboda haka 'yar'uwar da ta rage kilo 10 ta sake mai da su ba lalle ne ragwanci ko haɗama ba. Da jikinta take kokawa. Mai wa'azin da ya mai da ita abin ba'a daga bagadi ya yi zalunci, kuma ya nuna bai sani ba.

Abu na biyu shi ne ba duk kitse ne ɗaya ba. Tun 1947 wani likitan Faransa a birnin Marseille, Jean Vague, ya lura cewa masu tara kitse a ciki sun fi masu tara shi a cinya da ɗuwawu kamuwa da ciwon sukari da na zuciya. An yi shekaru ba a kula da maganarsa ba, yanzu kuwa ita ce a littattafan koyar da likitoci. Kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda za ka iya mintsina, da sauƙi. Mugun shi ne wanda ke can ciki, ya naɗe hanji ya lulluɓe hanta, kamar wanda mahauta ke yayewa idan sun farke cikin rago. Abin da wannan kitse ke zubarwa hanta yake nufa kai tsaye, daga nan ya dagula aikin insulin. Shi insulin, wanda aka gano a Toronto ta Kanada a 1921, shi ne ɗan aiken da ke ƙwanƙwasa wa tsoka ƙofa domin ta karɓi sukarin da ke cikin jini bayan an ci abinci. Idan teɓa ta yi yawa sai tsoka ta zama kamar kurma, a yi ta bugun ƙofa ba ta buɗewa, jiki ya yi ta ƙara insulin har sashen da ke yin sa ya gaji. Wannan gajiya tana ɗaukar shekaru, ba zafi ba zazzaɓi, mutum yana ta zuwa aiki yana ta rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Ranar da ya fara tashi fitsari sau biyar cikin dare, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko ido ya soma hazo, ɓarna ta riga ta yi nisa.

A nan ne muke so matan zumunta su matso kusa, domin maganar ta shafi abin da ya fi sa mata kuka a ɓoye. Kitse yana taɓa homon ɗin haihuwa. Akwai wata larura da ke samun kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, inda jinin al'ada ke rikicewa, ya yi wata biyu ko uku bai zo ba, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje su cika fuska, ƙwai kuma ya ƙi fita a kan lokaci. Tana da alaƙa ta kusa da wannan kurumtar da tsoka ke yi wa insulin, ƙiba kuma tana ƙara mata ƙarfi. Mata nawa ne a cikinmu aka kai gidajen addu'a ana kore musu aljanin rashin haihuwa, uwar miji na harara, alhali larurar tana da suna kuma likitocin mata sun san yadda ake bi da ita? Ga mata da yawa rage nauyi kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, yana dawo da al'adar kan hanya. Maza ma kada su yi murmushi. Teɓa tana rage homon ɗin namiji, ciwon sukari da hawan jini kuwa suna lalata ƙananan jijiyoyin jini, raunin da magidanci ke jin kunyar faɗa wa kowa sau da yawa shi ne ƙararrawar farko ta ciwon zuciya. Maimakon asibiti sai ya nufi mai magani a tasha da lasifika.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda son a ce mutum ya yi kyau ya kai 'yan matanmu ga sayen ƙiba da kuɗinsu. Kowa ya san sha-ka-fashe. Ana gab da biki sai a kawo wa amarya ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, a ce ta sha ta ciko. Sau da yawa abin da ke ciki har da deksametason, magani mai ƙarfi da ke kwaikwayon wani homon na jiki da ake kira kotizol. A hannun likita yana ceton rai. A hannun mai neman kumatu kuwa, fuska ce za ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba ya iya yankewa rana ɗaya, domin jikinsa ya daina yin nasa kotizol ɗin, yankewar ba-zata tana iya kashe shi. Sai likita ya sauke shi a hankali. Irin wannan sinadari yana cikin mayukan bilicin da yawa, yana ratsa fata ya shiga jini. Idan muna neman wanda ya tura yaran nan, mu tuna da guɗar da muke yi a ƙofar majami'a.

Kada kuma siriri ya karanta wannan ya yi hamdala ya ninke jarida. A ƙasashenmu masu ciwon sukari da yawa ba su da ƙiba ko kaɗan. A nan Zariya likitoci irin su Farfesa Geoffrey Onyemelukwe da Farfesa Adamu Bakari sun yi shekaru suna nazarin insulin a jikin masu wannan ciwo, domin abin da aka rubuta a kan Turawa ba lalle ya zauna daidai a kanmu ba. A watan Afrilu na 2025, a taronta na birnin Bangkok, ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon sukari ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama matasa ramammu waɗanda suka sha yunwa tun suna ciki ko suna yara, har sashen da ke yin insulin bai ginu sosai ba. Tun 1955 aka fara bayyana irinsa a Jamaika. Duk wanda ya san yadda damina ke yi wa yara a ƙauyukanmu kafin sabon hatsi ya shigo, ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Yawancinmu da ke Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru ba a nan aka binne cibiyar kakanninmu ba. Aikin jirgin ƙasa, ko jami'a, ko barikin soja, ko asibiti ne ya kawo iyayenmu daga ƙasar Kaduna ta kudu, daga Filato, daga ƙauyukan Maguzawa, daga Gwambe da Adamawa. A can fartanya ce da tafiyar ƙasa da gwaten acca da miyar ganye. A nan kujera ce da acaba da farar shinkafa da lemon kwalba. A 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu suka wallafa wani bincike da ya kwatanta baƙaƙen fata masu tushe ɗaya a wurare uku. Sun sami hawan jini a kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka, kuma hawan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙaruwar nauyi da cin gishiri. Jini ɗaya, zama daban. Tafiyar da ta ɗauki waɗancan ɗaruruwan shekaru da ƙetare teku, mu muna yin ta cikin ƙarni ɗaya a motar haya daga Zonkwa zuwa Kwangila. Binciken ƙasa da aka yi a farkon shekarun 1990 ya sami ciwon sukari a wajen kashi 2 cikin 100 na manya a Nijeriya. Da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokansa suka tattara binciken da aka yi ta yi suka fitar a 2018, adadin ya kusa kashi 6, Arewa maso yamma tana da kashi 3. Kada wannan 3 ɗin ya ruɗe mu, gama a nahiyar Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba.

Ga labari mai daɗi, kuma ba ya bukatar kuɗi. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin safa masu bene, ya ga direbobi da ke zaune yini guda sun fi kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala kamuwa da ciwon zuciya nesa ba kusa ba. Mota ɗaya, unguwa ɗaya, abinci kusan iri ɗaya. Har ma'ajin kayan aiki ya je ya duba awon wandunan da ake ɗinka musu, ya ga ƙugun direbobi ya fi faɗi. A 1989 kuma Steven Blair a birnin Dallas na Amurka ya fitar da sakamakon mutum fiye da 13,000 da aka gwada ƙarfin numfashinsu a kan injin tafiya aka bi su wajen shekara takwas. Waɗanda suka fi kowa saurin haki sun mutu fiye da ninki uku na waɗanda suka fi kowa juriya, kuma riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga zaman dirshan ya koma tafiya kullum, ba sai ya zama ɗan tsere ba. Bayan shekara goma suka nuna cewa mai jiki da ke motsawa ya fi siririn da ba ya motsi tsawon rai. Yawancin mutanen da aka auna Turawa ne masu hali, kuma motsa jiki ba ya share duk illar ƙiba, wannan gaskiya ne. Amma dalilin a fili yake: tsokar da ke aiki tana buɗe wa sukari wata ƙofa ko insulin bai ƙwanƙwasa ba. A 2002 wani babban gwaji a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da sukarinsu ya soma hawa ya nuna cewa tafiyar minti 150 a mako tare da rage nauyi kaɗan ta rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, ƙwayar magani kuwa kashi 31. Minti 150 rabin awa ne sau biyar a mako. Daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka da dawowa, da sauri kamar wanda ya makara sujada. Mu da muke hawa acaba domin zuwa majami'ar da muna jin ganganta daga tsakar gida, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Yanzu sai maganar gwaji, inda aka fi cutar mu. Mun halarci taron wata ƙungiya inda aka ba wani baƙo dama bayan sanarwa, ya kafa kwamfuta a kan tebur, ya ce kowa ya riƙe wani ɗan ƙarfe na minti ɗaya. Nan take takarda ta fito da jerin cututtuka, hanta da ƙoda da mahaifa da ƙashi duka, kowa ya tsorata, maganin kuwa yana cikin jakar baƙon a kan kuɗin da ya fi baikon wata. Ba jini aka ɗiba ba, ba fitsari ba. Ƙarfen da aka riƙe a tafin hannu ba ya iya faɗin abin da ke cikin hanta. Dattawan da suka ba shi makirufo da kyakkyawar niyya suka yi, amma sun ara masa amincin da jama'a ke ba ikilisiya ya yi kasuwa da shi. Muna roƙon kada a sake.

Gwajin gaskiya ba shi da ban mamaki haka. Sikeli yana da amfani amma bai isa ba. Lissafin da ake rubutawa BMI a katin asibiti, watau a raba nauyi da tsawo sau biyu, ya samo asali ne daga wani masanin lissafi ɗan Beljiyam a shekarun 1830, ba domin duba marar lafiya ya yi shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 25 a matsayin nauyi ya fara yawa, 30 kuma ƙiba. Ga mai tsawon mita 1.70 wannan kilo 72 ne da kilo 87. Sai dai lissafin bai san bambancin tsokar ɗan dako da teɓar akawu ba, shi ya sa a watan Janairu na 2025 wani kwamitin masana na duniya ya ce kada a ƙara yanke wa mutum hukunci da shi kaɗai, a haɗa da awon ƙugu. Awon ƙugu kuwa tef ɗin tela ne. A zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo, kusa da cibiya, ba can ƙasa inda maza ke ɗaure wando su ɓoye teɓa ba, mutum ya saki numfashi, kada ya haɗiye ciki. Abin da ake amfani da shi a yanzu shi ne santimita 94 ga namiji, wajen inci 37, da santimita 80 ga mace, wajen inci 31 da rabi, ko da yake daga Turawa aka aro waɗannan lambobi. Mafi sauƙi, ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ko tef babu, a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a ga ko za ta zagaye cikinsa. Mai juna biyu ba ta cikin wannan awo.

Hawan jini ana maganarsa daga 140 bisa 90, amma ba a awo ɗaya ba. A zauna a huta minti biyar, a kuma sake a wata rana. Sukari kuwa, idan an kwana ba a ci komai ba aka sami 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita a ɗakin gwaji mai rajista kafin a ce ciwo ne. Akwai wani gwaji da ake rubutawa HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011, iyakarsa 6.5. Gwaji ne mai kyau, amma a jikin jajayen ƙwayoyin jini ake karanta shi, saboda haka duk abin da ya taɓa su yana iya karkatar da shi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da AS, wani bincike na 2017 a kan baƙaƙen fatar Amurka kuwa ya nuna gwajin yana iya fitowa ƙasa da gaskiya ga irinsu. Ga mai sikila ba a dogara da shi sam, haka ma mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Don haka a gaya wa likita rukunin jinin kafin ya zaɓi gwaji, kada a karɓi takardar da ta ce lafiya lau alhali ƙishirwa da fitsari sun hana barci.

Mun san akwai 'yan'uwa da ke ganin zuwa awo rashin bangaskiya ne, wai wanda ya je neman ciwo zai same shi. Muna girmama su, amma ba mu yarda ba. A sura 13 ta Littafin Firistoci, firist ne aka ɗora wa duba tabon fata, ya keɓe mutum kwana bakwai, ya sake dubawa kafin ya yanke magana, watau awo biyu kafin hukunci. Kutare goma da Ubangijinmu ya warkar, wurin masu dubawa ya tura su. Wanda ya gaskata an warkar da shi daga ciwon sukari, to ya je a auna, likita ya sauke masa magani da hannunsa, shaidarsa ma ta fi ƙarfi. Zubar da ƙwayoyi a masai bayan taron farkawa ya kai mutane kabari. Haka nan mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin kada ya shiga dogon azumin farkon shekara sai ya yi shawara da likitansa, fastoci kuma su faɗi wannan da bakinsu ranar da suke sanar da azumin. Ban da haka ma, ikilisiyoyinmu da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Mun yarda da gwaji ga saurayi da budurwa masu shekara ashirin da biyar, sai ga dattijon da ke karɓar takardar, mai shekara sittin, bai taɓa sanin awon jininsa ba.

Abin da muke nema ba ya bukatar taron ƙaddamarwa ko babban baƙo. Da wuya a sami majami'a a Tudun Wada da ba ta da nas ko ma'aikacin ɗakin gwaji ko ɗalibin likita a cikin masu sujada, tela kuwa ba a magana. A ware Lahadi ɗaya cikin wata uku. A sayi abin awon jini ɗaya mai kyau da babban maɗauri, domin ƙarami yana ƙara wa mai kauri lamba. Mata su auna mata a ɗaki, maza su auna maza. Wanda ya haura shekara 40, ko mai teɓa, ko wanda iyayensa suka yi ciwon, ko macen da ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye, a rubuta masa takarda zuwa asibiti, a kuma tambaye shi bayan mako biyu ko ya je. Kada a sayar da komai a wurin, ko da ganyen shayi ne. Fasto da matarsa su fara miƙa hannu. Masu dafa abincin bikin godiya su rage gishiri da dunƙule, gama abin da aka yarda wa babba a yini bai wuce giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya, a kuma ajiye tulun ruwa kusa da akwatunan lemo. Littafin da za a riƙa rubuta sakamakon ya zauna a hannun nas ɗin, a kulle, kada ya bi ta ofishin sakatare, kada kuma lambar kowa ta fito a cikin roƙon addu'a sai da izininsa.